Yadda Na Raba Bidiyon Bikin Ƙanwata Da In'ina

A watan Sha'aban aka ɗaura auren ƙanwata, autar gidanmu. Tun kafin a gama mayar da tukwanen aro, Hajiya ta yanke hukunci cewa a falona za a kalli bidiyon bikin ranar yawon Sallah, tunda ni ne mai babban talabijin. Na amsa da ƙarfin gwiwa, don a ganina ai ba wani aiki ba ne. Talabijin ɗin inci 43 ne, mai 1080p, kuma a ƙarƙashinsa akwai wata 'yar kwamfuta ta hannu da na saya da arha, girmanta bai fi kwalin dabino ba. Furosesar Celeron ce a cikinta mai cibiya biyu, ta zamanin da Intel ke kira Haswell, wato ƙirar wajejen 2013, da RAM giga 4. Na goge duk abin da na tarar a cikinta na sa LibreELEC, wani ƙaramin tsarin Linux da ba shi da aikin yi sai tayar da Kodi. Ita Kodi manhaja ce ta kyauta mai jera finafinai da hotuna da sauti a allon talabijin. Da can XBMC ake ce mata, saboda don na'urar wasan Xbox ta farko aka ƙirƙire ta, sai a 2014 aka sake mata suna. Shekara guda muna kallo da ita, yara suna kallon katun ɗinsu, ban taɓa leƙa saitinta ba.

Kayan bikin iri biyu suka zo hannuna. Akwai filashin mai ɗaukar bidiyo, fayil guda na MP4 mai tsawon kusan awa biyu, an tace an sa kwalliya. Akwai kuma tarkacen da 'yan uwa suka ɗauka da wayoyinsu wajen kamu da yini da kai amarya, guda arba'in da wani abu. Wasu ta WhatsApp aka turo su an matse su sun zama ƙanana, wasu kuma na bi mutane da kebul na kwaso su yadda wayar ta ɗauka.

Daren uku ga azumi, bayan asham, na zauna gwaji. Na WhatsApp suka tafi sumul, sai dai fuskoki a dishi-dishi, kamar ana leƙen mutane ta gilashin mota mai ƙura. Da na kunna na wayar matar yayana, wanda ya fi kowanne kyau a wayarta, sai hoton ya kama in'ina. Ya yi gaba kaɗan, ya cije, ya zabura. Guɗa tana tashi a sifika tun mai guɗar ba ta buɗe baki ba. Launin ma ya koɗe, jan leshin ƙawayen amarya ya koma kamar an shanya shi wata guda a rana. Fayil ɗin mai ɗaukar bidiyo bai cije ba, amma duk wanda ya motsa hannu sai gefen hannun ya tsattsage ya zama kamar haƙoran mataji.

Abin da na yi a daren ban so faɗa ba, amma shi ne gaskiya. Na shiga saiti, na ɗaga shi zuwa matakin ƙwararru, wanda shi ne na huɗu kuma na ƙarshe, na dinga kunna wannan ina kashe wancan ba tare da na san aikin ko ɗaya ba. Kafin sahur na cimma abu guda: finafinan da shekara guda suke tafiya lafiya su ma sun fara cijewa. Garin neman gira na rasa ido.

Washegari na kira wani abokina mai gyaran kwamfuta, na ce masa ina ganin na'urar ta tsufa, zan nemi wata. Ya ce, "Mutumina, kafin ka zubar da kuɗinka ga Sallah na tafe, kana da kibod a jikinta?" Na ce akwai. Ya ce, "To kunna bidiyon, yana cikin tafiya ka danna harafin O, ka karanto min abin da ka gani."

Wannan harafi guda shi ya sauya min aikin gaba ɗaya. Wani allo ya fito a ƙasan hoton, yana nuna sunan abin da ke warware bidiyon, da girman hoton, da yawan hotunan da ke wucewa a sakan, da nauyin da ke kan kowace cibiyar furosesa. A kan bidiyon matar yayana an rubuta hevc, a gefensa SW, girman 3840 da 2160, hoto kusan 60 a sakan, cibiyoyin biyu duk sun kai maƙura. Na kunna tsohon fim, sai na ga h264, shi ma SW. Abokina ya yi dariya ya ce, "Wannan na biyun kai ka ja. Jiya ka kashe VAAPI." A ƙasan kowane shafin saiti na Kodi akwai layin da ke mayar da komai yadda ya zo. Na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya na danna shi. Tsohon fim ya koma h264 da HW a gefensa, nauyin furosesa ya faɗo ƙasa warwas, hoto ya miƙe. Na wayar matar yayana kuwa ko gezau.

A nan ne na tsaya na koyi abin da ya kamata in sani tun farko. Ni a da, in na ga MP4 ko MKV a ƙarshen sunan fayil, ina ɗauka na san irin bidiyon. Ashe wannan buhu ne kawai. Abin da ke cikin buhun, wato yadda aka matse hotunan don su yi ƙanƙanta, shi ake kira kodek, kuma buhu iri ɗaya yana iya ɗaukar kodek daban-daban. Hoto guda na 1080p ɗigo 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye, jimla ɗigo miliyan biyu da dubu saba'in da uku da ɗari shida. A ce za a ajiye irin wannan hoton 25 kowane sakan ba matsi, fim ɗaya sai ya cinye had-disk. Shi ya sa kodek ba ya ajiye kowane hoto cikakke. Yakan ajiye ɗaya, sannan ya rubuta abin da ya sauya a na bayansa kawai. Wurin kallo dole na'ura ta sake gina kowane hoto daga waɗannan bayanan, a kan lokaci, ba jinkiri. H.264 an kammala shi a 2003, kuma kusan duk abin da ke da allo a yau ya san shi. HEVC, wanda ake kuma kira H.265, a 2013 ya fito. An yi shi ne don ya ba da kyau iri ɗaya da kusan rabin girman fayil, amma warware shi ya fi cin ƙarfi nesa ba kusa ba.

HW da SW ɗin da na gani su ne bakin zaren. A cikin cip ɗin akwai wani sashe na musamman da ba ya komai sai warware bidiyo, kamar injin niƙa. In ya san kodek ɗin, cikin ruwan sanyi yake gamawa, ba zafi ba cin wuta, shi ne HW. In bai san shi ba, sai aikin ya faɗo kan furosesa ta dinga daka a turmi, shi ne SW. VAAPI sunan hanyar da Kodi ke bi ta miƙa wa injin aiki ne a Linux, a Windows kuma DXVA2 ake ce wa tata. Injin da ke cikin tawa ya san H.264 da MPEG-2 da VC-1, bai san HEVC ba, don lokacin da aka ƙera shi kodek ɗin ko yaye ba a yi masa ba. Sai a ƙarni na shida na furosesocin Intel, a 2015, aka sa cikakken sashen HEVC, mai zurfin launi bit 10 kuma sai a ƙarni na bakwai. Wayoyin iPhone kuwa tun 2017 suka koma ɗauka da HEVC, daga iPhone 12 kuma har da HDR mai bit 10, tsarin da ke faɗaɗa haske da launin hoto, wanda shi ne ya koɗar min da jan leshi, tunda talabijin ɗina bai san HDR ba. Na zauna na buga lissafi: 4K, wato girman nan na 3840 da 2160, ya ninka 1080p sau huɗu a yawan ɗigo, hoto 60 ya ninka 24 sau biyu da rabi. Wato aikin fim goma nake ɗora wa 'yar Celeron a lokaci guda, da kodek mafi nauyi, kuma a turmi. Na daina ganin laifinta.

Babu saitin da zai gyara wannan. Na faɗa da babbar murya saboda na ɓata dare biyu ina nemansa. Ko dai a sayi na'urar da ta san HEVC, irin su Raspberry Pi 4 da ke warware shi har 4K, ko a mayar da fayilolin yaren da wadda ake da ita take ji. Kuɗin ɗinkin Sallah bai bar min zaɓi ba.

Na sauke MediaInfo a laftof ɗina, wata 'yar manhaja da ke faɗin abin da ke cikin kowane buhu, na bi fayilolin na ware masu HEVC. Guda 17 ne. Sannan na sauke HandBrake, ita ma kyauta, na fara juya su. Gwajin farko na bar komai yadda na gan shi, sai na fahimci gara in zaɓa da kaina. Girma na rage shi zuwa 1920 da 1080, tunda talabijin ɗin ba zai nuna fiye da haka ba ko da an ba shi. Kodek na zaɓi H.264 na x264, mai bit 8. A nan akwai tarko, don a jerin akwai wani H.264 mai bit 10, kuma shi injinan cip kusan duka ba su san shi ba, sai ka sha wahalar juyawa ka sake faɗawa turmi. Wajen inganci akwai wata lamba, RF, wadda in ta yi ƙasa hoto ya fi kyau fayil ya fi girma. Na yanki sakan talatin na wurin da aka fi cunkoso da liƙi, na gwada 18 da 20 da 23. Daga kan kujerar falo ban iya raba 18 da 20 ba, amma a 23 zanen lallen hannun amarya ya fara narkewa. Na tsaya a 20. Furofayil na sa High, mataki 4.1 ga masu hoto 30, masu hoto 60 kuma 4.2, don 4.1 ba ya ɗaukar 1080p mai hoto 60. Na kuma umarce ta ta daidaita gudun hotuna ya zama tsayayye, saboda waya takan rage ko ƙara yawan hoton da take ɗauka gwargwadon haske, abin da kan raba baki da murya. Ga masu HDR na kunna tacen launi na mayar da su BT.709, ma'aunin launin talabijin na HD. Jan leshi ya dawo ja.

Juyawar ta ci dare huɗu. Laftof ɗin yana huci kamar zai tashi sama, na ɗora shi a kan murfin tukwane biyu don iska ta shiga ƙarƙashinsa. Sau ɗaya aka ɗauke wuta, batir ya ƙare ana saura kaɗan a gama mafi tsawonsu, na sake daga farko. Daga nan na koyi jera su a layi ƙanana-ƙanana, in fara bayan buɗa baki lokacin da inbata ke cike.

Saura haƙoran mataji. Wannan ciwo ne daban, kuma tsoho. Kyamarori da yawa na masu ɗaukar biki suna ɗauka a tsarin 1080i, inda ba a ɗaukar hoto cikakke a lokaci guda. Ana ɗaukar layuka na ɗaya, na uku, na biyar har ƙasa, sannan bayan kashi ɗaya cikin hamsin na sakan a ɗauki na biyu, na huɗu, na shida. Rabin hoto 50 ke nan a sakan. In abu yana motsi, rabin farko da na biyu ba sa haɗuwa daidai, shi ne gefen hannu ke tsattsagewa. Kodi ta iya warware wannan saƙa, amma sai fayil ɗin ya sanar da ita cewa saƙaƙƙe ne. MediaInfo ta nuna min cewa wurin tacewa an fitar da fayil ɗin da shaidar cikakken hoto, alhali haƙoran suna nan an gasa su a ciki. Na kira mai ɗaukar bidiyon na roƙe shi ainihin abin da ya fito daga kyamara. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba kwalliya fa a ciki, ba rubutu ba komai." Na ce haka nake so. Ya kawo fayilolin MTS na tsarin AVCHD, a yanke gunduwa-gunduwa yadda kyamara ke yanka su. Cikinsu H.264 ne, don haka injin ya karɓe su hannu biyu. Bidiyo na tafiya na buɗe saitin hoto, a layin warware saƙa na zaɓi na VAAPI mai lura da motsi, na ce ya zama haka ga kowane fayil. Haƙora suka ɓace, motsin ma ya fi na tacaccen laushi, don yanzu hoto 50 cikakku ke fita a sakan. Tacaccen kuma, tunda Hajiya za ta so ganin sunaye da addu'ar da aka rubuta a farko, na wuce da shi ta HandBrake da tacen Yadif mai warware saƙa, ya fito da dama-dama.

A nan na ɗauka na gama. Uwargida ce ta tsaya a bakin ƙofa da faranti a hannu, ta kalli wurin da kyamara ke bin layin mata daga hagu zuwa dama, ta ce, "Abban yara, ni kuwa idona ne, ko hoton nan ɗingishi yake?" Na danna O. HW, furosesa tana hutawa. Na danna Ctrl da Shift da O tare, wanda ke fito da ƙididdigar hotunan da aka zubar ko aka tsallake, lambar ba ta motsi. Amma da na zura ido, gaskiyarta ce. Ba cijewa ba ce irin ta farko, wani ɗan tsalle ne mai tsari, kamar tafiyar wanda ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Wannan ne ya fi ba ni wahalar ganewa, kuma shi ya fi burge ni da na gane. Talabijin yana sabunta allonsa sau wani adadi a sakan, nawa yana kan 60 Hz tun ranar da na haɗa shi. Bidiyon bikin hoto 50 ne a sakan, gadon tsarin talabijin na PAL da muka saba da shi, wanda shi ma ya samo asali daga wutar lantarki mai 50 Hz. Hamsin ba ta shiga sittin daidai, sai an maimaita hoto ɗaya cikin kowane biyar. Finafinan sinima kuma hoto 24 ne, ko 23.976 a yawancin fayiloli. Don su cika 60, hoto ɗaya yakan tsaya sau uku, na bayansa sau biyu, uku, biyu, uku, biyu. Ɗingishin ke nan. Shekara guda muna kallon finafinai a haka ban lura ba, amma tun da ta nuna min na kasa daina gani.

Na fara da gwajin hannu. Na mayar da allon 50 Hz, bidiyon biki ya tafi kamar an zuba mai. Na mayar da shi 24 cif na kunna fim mai 23.976, ɗingishi ya tafi, amma can sai hoton ya yi ɗan tuntuɓe guda, ya ci gaba, can kuma ya sake. Na ɗauko agogon waya na auna, kusan kowane sakan 42. Da na yi lissafi sai ya fito: bambancin 24 da 23.976 shi ne 0.024, in ya taru sakan 41 da 'yan kai ya zama hoto guda, dole a maimaita ɗaya. Na yi murna a daren nan kamar yaron da ya ci jarrabawa, duk da ba wanda zan gaya wa ƙarfe biyu na dare.

Ba sai mutum ya dinga sauyawa da hannu ba. A saitin mai kunna bidiyo akwai layin da ke ba Kodi izinin daidaita sabuntawar allo da fayil, yana zuwa a kashe, na sa shi ya yi aiki a farkon bidiyo da ƙarshensa. Sannan a saitin allo akwai jerin yanayin da aka yarda ta shiga, wanda aka ƙaro tun fitowa ta 18. Na zaɓi 1920 da 1080 a 23.98 da 24 da 50 da 59.94 da 60. Na bar 25 da 30 da gangan, na kunna izinin ninkawa, don fayil mai 25 ya hau 50, mai 30 ya hau 60. Dalili shi ne saƙaƙƙen bidiyo irin na bikin yakan bayyana kansa a matsayin mai 25, in aka kai allo 25 sai a yi asarar rabin motsin da aka sha wahalar warwarewa. Ƙananan girma irin 720 ma ban zaɓa ba, na bar Kodi ta buɗa su da kanta. Abin da ya biyo baya shi ne duk lokacin da aka kunna bidiyo allon yakan yi baƙi na ɗan lokaci kafin talabijin ya daidaita, sai farkon magana ya wuce. Akwai saitin jinkiri bayan sauyin, na sa sakan biyu da rabi. Wani layi kuma da ke kusa, mai ja ko sassauta sauti don ya bi allo, na bar shi a kashe, tunda allon ne yanzu ke bin fayil.

A rimot ɗin talabijin ma na yi 'yan gyare-gyare. Na kashe abin nan da ke ƙirƙiro hotunan ƙarya a tsakani don motsi ya yi santsi, wanda ke sa fim ya zama kamar wasan kwaikwayon situdiyo kuma yana jinkirta hoto. Na sa girman hoto ya zauna ɗigo bisa ɗigo, don da yana yanke gefe-gefe. Baƙar abayar gwaggonmu tana fitowa ruwan toka, ashe kwamfuta na aiko launi a ma'aunin 16 zuwa 235, talabijin yana fassara shi a ma'aunin 0 zuwa 255. Na daidaita matakin baƙi na HDMI, abaya ta koma baƙa. Sauti kuwa na sa shi hanya biyu kawai, na kashe miƙa Dolby da DTS kai tsaye, tunda sifikun talabijin nake amfani da su.

Wata matsalar ta ɗan leƙo ta wuce. Had-disk ɗin da kayan ke ciki yana jikin laftof a ɗaki, Kodi tana janyowa ta Wi-Fi ta ratsa bangon bulo biyu. Ƙananan fayiloli ba sa damuwa, amma MTS mai megabit 24 a sakan yakan tsaya cak, da'ira ta yi ta juyawa. Na karanta yadda ake ƙara ma'ajiyar wucin gadi a fayil ɗin advancedsettings.xml, wadda ke zuwa da mega 20, har na fara rubutawa, sai na ga wautar abin. In famfo ba ya kawo ruwa da ƙarfi, girman randa jinkirta ƙarewa kawai zai yi. Na zare had-disk ɗin na soka shi a bayan 'yar kwamfutar, a ramin USB mai shuɗin baki. Magana ta ƙare.

Ana saura kwana biyar Sallah na yi gwajin ƙarshe da rana, wajen ƙarfe uku, don a irin lokacin za a kalla. Duk gwaje-gwajena na baya da dare ne. Zafin Afrilu a Kano ba sai an ba mai azumi labari ba. Minti ashirin da fara kallo, fankar kwamfutar ta kama ƙara kamar injin markaɗe, menu ya yi nauyi, ƙididdigar hotunan da aka zubar ta fara hawa. A shafin bayanin na'ura zafin furosesa ya haura 90. Cip in ya yi zafi da yawa yakan rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Na kwance murfin, na tarar da ƙurar hunturu biyu ta yi kirtani ta toshe ramukan iska, ga shi na cusa na'urar cikin durowar da ke rufe ta baya. Abokina ya hure ta da bulowa, ya goge busasshen man da ke tsakanin cip da ƙarfen sanyaya ya shafa sabo. Ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce in aiko masa da cincin. Na fito da ita daga durowa na ɗora a sarari, zafin bai ƙara wuce sittin da 'yan kai ba.

Ranar yawon Sallah falo ya cika har ƙofa, yara a ƙasa, manya a kujeru, amarya da angonta a gefe tana rufe fuska da mayafi. Allo ya yi baƙi sakan biyu, ya dawo a kan 50 Hz, kyamara ta bi layin mata daga hagu zuwa dama ba tsalle ko ɗaya. Ni kaɗai nake kallon gefen hannaye. Hajiya ta gyara gilashinta ta ce, "Kai, tsayar min nan. Koma baya kaɗan. Waccan mai koren gyalen ba ita ce ta ce min ba ta da lafiya ba za ta samu zuwa kamu ba?" Aka fashe da dariya, aka sa ni na koma wurin har sau uku.

Ana cikin haka ɗan yayana ya matso kusa da ni da sabuwar wayarsa da kebul a hannu. Ya ce, "Baffa, na ɗauko hawan jiya gaba ɗaya, 4K ne, a saka mana bayan wannan." Na karɓi wayar na duba bayanin fayil ɗin. HEVC, minti 26. Na miƙa masa abarsa na ce ya dawo jibi da daddare, ya taho da cajarsa.